Jitar Bahagon Agadas: Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Fender

A cikin kowane mutum goma da ke duniya, masana sun ce kusan ɗaya bahago ne, watau hannunsa na hagu ya fi na dama ƙarfi da saurin aiki. Amma duk da wannan yawa nasu, kusan dukan kayan aikin da masana'antu ke fitarwa, tun daga almakashi har zuwa keken ɗinki, don na dama aka yi su. A ƙasar Hausa kuwa abin ya wuce kayan aiki ya shiga cikin harshe, domin in mutum ya murɗe magana sai a ce ya yi mata bahaguwar fahimta, yaro kuma in ya miƙo hagu zai karɓi abu sai a buge hannun. Wuri guda da bahago ke da kwarjini ba gardama shi ne filin dambe, saboda ɗan damben da ya ɗaure hagu yakan zo wa abokin karawarsa ta inda bai saba tsaro ba.

To, akwai wani fagen kuma da bahagwai suka yi suna a cikinsa, shi ne kiɗan jita mai aiki da lantarki, irin wanda Turawa ke kira rok. Wanda ya fi kusa da mu a cikinsu ba a Landan yake ba, ba kuma a Amurka aka haife shi ba. Maƙwabcinmu ne, Ba'abzine daga yankin Azawak na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi zamansa na kiɗa a Agadas. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Jaridun Turai da Amurka sun sha sa shi cikin jerin manyan makaɗan jita na wannan zamani, ya kuma hau dandamalin bikin Coachella na Kalifoniya a 2024. Abin da mutane da yawa a nan gida ba su sani ba shi ne, waƙoƙinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke su, da kayan aiki irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa. Saboda haka labarin kayan kiɗan mutumin nan, da hannunmu a ciki.

MATSALAR BAHAGO

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa. Jita tana da tsirkiya shida, an jera su daga mafi kauri zuwa mafi siranta. In na dama ya rungume ta, mai kaurin tana sama kusa da ƙirjinsa, siririyar tana ƙasa, hannun hagu yana danne tsirkiyoyi a wuyan jitar, na dama yana kaɗawa. Bahago kuwa so yake ya kaɗa da hagu, ya danne da dama. Da zarar ya juya jitar sai komai ya kife: mai kauri ta koma ƙasa, siririya ta hau sama, maɓallan ƙara sauti su dawo ƙarƙashin damtsensa, sassaƙar da aka yi wa jikin jitar don hannu ya kai ƙarshen wuya ta koma ɓangaren da ba a bukatarta.

Kayan kiɗanmu na gargajiya ba su san wannan wariya ba. Kuntigi tsirkiyarsa ɗaya ce, ba shi da hagu ba shi da dama. Garaya da gurmi biyu-biyu ne, molo uku, jikinsu kuma ko ta ina aka juya shi daidai ne, tsirkiyoyin da zoben fata ake ɗaure su a jikin sanda, wanda ya so ya sauya musu wuri aikin ɗan lokaci ne. Mai kiɗan ma sau da yawa shi ke haɗa abinsa da kansa, ya auna shi da hannunsa. Jitar masana'anta ce ta zo da doka, ta ce ga yadda za a riƙe ni.

Hanyoyi huɗu ne ke gaban bahagon da ya ƙwallafa rai a kan jita. Ko dai ya tilasta wa kansa ya koya da dama, ko ya juya ta ya bar tsirkiyoyin a kife ya ƙago nasa salon danna su, kamar yadda Albert King da Elizabeth Cotten suka yi a Amurka, ko ya juya ta ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su, kamar Jimi Hendrix, ko kuwa ya nemi wadda aka ƙera musamman don bahago. Ta huɗun nan ita ce mafi sauƙi a hannu, amma ita ce mafi wuya a aljihu da kasuwa. Kamfanoni kaɗan suke ƙerawa, ba kowane samfuri suke yi wa ta hagu ba, 'yan kasuwa kuma ba sa son sarin abin da zai daɗe a rataye. Wanda ya taɓa leƙa shagunan sayar da kayan kiɗa, ko a nan Abuja ko a Sabon Garin Kano, ya san da wuya ya ga ta hagu a jikin bango. In haka abin yake a manyan biranenmu, sai a kwatanta yadda yake a ƙauyen da ke bakin Sahara shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

JITAR FARKO

An haifi Mdou Moctar wajen tsakiyar shekarun 1980, a gidan da ke riƙe da addini sosai, inda ba a ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar ɗan mutunci ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ganin wasan Abdallah Oumbadougou, makaɗin da waƙoƙinsa suka yi yawo a kaset daga hannu zuwa hannu a lokacin tawayen Abzinawan Nijar na shekarun 1990, wanda kuma ya rasu a 2020. Yaron ya dawo gida ba shi da kuɗin jita, ba shi da wanda zai roƙa ya saya masa, sai ya samo katako ya sassaƙa, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyi da ita. Da wannan ya koya, a ɓoye.

Ba shi ne farau ba. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya yi tasa jitar ta farko. Mu ma a nan ba mu manta ba cewa kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi har ya rasu a 2015, asalin jikinsa ɗan gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma akwai wani abin lura a game da bahago musamman: jitar da mutum ya ƙera da hannunsa ba ta tilasta masa komai. Da a ce makarantar kiɗa aka kai yaron, aka ba shi jitar kanti da malami a kansa, mai yiwuwa ne da an juya shi ya koma dama, kamar yadda ake juya yara wajen rubutu. Talauci da ɓuya su suka bar masa hagunsa.

Daga baya ya riƙa samun jitocin kanti, na dama, yana juya su. Da irinsu ya shiga sana'ar da ke ciyar da kowane makaɗin jita a Nijar, watau kiɗan biki.

SAKKWATO, 2008

A shekarar 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, ya ɗauki jerin waƙoƙin da ya sa wa suna Anar. A wancan lokaci masana'antar finafinan Hausa ta riga ta kafa nata irin sauti, wanda duk mai shiga motar haya ya san shi: fiyano samfurin Yamaha da ke kwaikwayon kowane irin kayan kiɗa, ganga ta cikin na'ura wadda ba ta gajiya ba ta kuskure, da kuma manhajar kwamfuta mai suna Auto-Tune, wadda wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997 don gyara muryar mawaƙin da ya kauce, amma masu ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da sauran garuruwa suka murɗa ta har ƙarshe don murya ta riƙa rawa kamar ta sarewa. Mdou ya ɗauki waƙar Abzinawa cikin harshen Tamashek, da jitarsa marar lantarki, ya zuba su cikin wannan tukunya. Ana lissafa shi cikin na farkon makaɗan Abzinawa da suka yi haka.

Masu ra'ayin riƙau a fagen kiɗa sun daɗe suna kushe wannan sauti na fiyano, suna cewa ya kashe kalangu da goge, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma ga shi a nan ya yi wani aikin da ba wanda ya zata. Ba a buga Anar a faifai ba a lokacin, ba kamfanin da ya sayar da shi. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu ne, daga katin memori zuwa katin memori, ta hanyar Bluetooth, a tasha da kasuwa da bakin rijiya, har suka ƙetare Nijar suka kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke daga birnin Portland mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin faifan da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, watau kiɗa daga wayoyin Sahara, ya kuma shiga cigiyar mai ita har ya same shi. Muryar nan mai rawa da aka gyara a Sakkwato ita ta sa waƙar ta fita daban a cikin ɗaruruwa.

Da Kirkley ya zo Nijar wurinsa, tsarabar da ya riƙo masa ita ce jitar lantarki wadda aka ƙera don bahago. Wanda bai san matsalar da muka bayyana a sama ba zai ga kamar ƙaramar kyauta ce.

FENDER STRATOCASTER

Jitar da aka san Mdou Moctar da ita a yau, wadda ake ganinsa da ita a hotuna yana sanye da rawani da doguwar riga, ita ce Fender Stratocaster ta hagu, galibi fara. Wannan samfuri ya fito ne a 1954 daga masana'antar Leo Fender da ke Fullerton a Kalifoniya. Abin mamaki, Leo Fender kansa bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a cikin ƙirar. Jikin jitar katako ne curarre, ba rami a ciki kamar na garaya, saboda haka in ba a haɗa ta da lantarki ba da ƙyar na kusa zai ji ta. Wuyan kuwa ba manna shi aka yi ba, kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, in ya karye ko ya lanƙwashe sai a kwance a sa wani. Ga makaɗin da zai ɗaura jitarsa a bayan babur ko a kan Land Cruiser ya bi hanyar rairayi cikin zafi da ƙura, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Jita mai rami da aka haɗa da gam, rani ɗaya na Agadas ya isa ya tsaga ta.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abubuwa uku da za mu iya kira kunnuwan jita. Kowane kunne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki, shi ne ke bin waya ya tafi akwatin ƙara sauti. Kunnen da ke kusa da wuya sautinsa mai taushi ne, na kusa da jaki, watau ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jitar, nasa mai kaifi ne, akwai kuma ɗan maɓalli da makaɗi ke turawa ya zaɓi wanda yake so. A jikin jakin an saka wani ɗan hannu na ƙarfe, in an danna shi tsirkiyoyi su saki, sauti ya faɗi, in an sake shi ya dawo. Abin da aka san Stratocaster da shi shi ne sauti siriri mai tsabta, wanda kowace ƙwayar kiɗa ke fita daban ko da an yi sauri. Kiɗan Abzinawa kuwa na 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu bin juna a guje, kamar zubar tsakuwa a faranti. Jitar da sautinta ke da kauri sai ta cakuɗa su.

Saboda farar Stratocaster da hannun hagu, 'yan jaridar Turai ba su ɓata lokaci ba suka laƙaba masa Hendrix na Sahara, laƙabin da suka riga suka raba wa wasu makaɗan Afirka ta Yamma kafin shi. Ya kamata a duba wannan kwatanci da kyau, domin ko a kayan aikin ma ba daidai yake ba.

Jimi Hendrix, wanda aka haifa a Seattle a 1942 ya mutu a Landan ran 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, galibi Stratocaster ta dama yake saya, ya kife ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Wannan kifewa ta sauya sautin. A ƙirar Fender, kunnen da ke kusa da jaki a karkace yake, ya fi matsowa jaki ta wajen siraran tsirkiyoyi don su ƙara kaifi, ya ɗan ja baya ta wajen masu kauri. Da Hendrix ya kife jitar sai lissafin ya juye: masu kauri suka sami kaifi, sirara suka yi taushi. Haka kuma a kan jitar, inda makullan ɗaure tsirkiya suke jere a layi ɗaya, mai kaurin da ya kamata ta fi kowa gajeriyar tafiya ita ta koma mai doguwar tafiya, ɗan hannun ƙarfen nan kuma ya dawo sama. Da irin wannan ce, fara, ya yi wasansa na Woodstock a watan Agusta 1969, kuma tana nan ajiye a wani gidan tarihi a Seattle. Ta Mdou kuwa ba kifaffiya ba ce. Madubin ta dama ce, komai yana inda Leo Fender ya nufa, sai dai a ɗaya ɓangaren. Ban da wannan ma, shi da bakinsa ya sha faɗa cewa bai tashi da sauraron rok ba, sai da ya fara fita waje aka riƙa nuna masa. Wanda ya ambata cewa ya ɗauki wani abu daga gare shi shi ne Eddie Van Halen, bayan ya ga bidiyonsa yana buga tsirkiyoyi a kan wuyan jita da yatsun hannun kaɗawa. Shi ma ɗin bai kwafa ba, ya mai da abin nasa.

In ana neman asalin salonsa, ba sai an je Seattle ba. Yawancin makaɗan rok da ɗan fallen roba suke kaɗa tsirkiya. Mdou da yatsunsa yake yi, babban yatsa yana riƙe da masu kauri suna gunji ba fasawa, manuniya tana shafar sirara sama da ƙasa da saurin da ido ba ya iya bi, yatsun dama kuma suna faɗawa kan wuya suna ɗagawa, suna fitar da ƙwayoyi uku ko huɗu daga kaɗawa guda. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai molo ko mai gurmi zai gane wannan hannu nan take. Abzinawa suna da nasu molon mai tsirkiya uku da suke kira tahardant, wanda ake haɗawa da ƙwarya a yi kiɗan takamba, suna da tande, turmin da ake rufewa da fata ya zama ganga, suna da imzad, gogen da mata ke kaɗawa. Daga waɗannan aka kwaso gunjin da ba ya yankewa da tafiyar kiɗan mai kama da sassarfar raƙumi, aka ɗora wa jita.

AKWATIN SAUTI DA 'YAN AKWATUNAN ƘAFA

Jitar lantarki rabin kayan aiki ce. Ɗaya rabin shi ne akwatin ƙara sauti, wanda makaɗa ke kira amfilifaya, da lasifikokinsa. Hendrix ya yi suna da na kamfanin Marshall na Ingila, masu ƙarfin wat 100, waɗanda ke aiki da kwalabe irin na tsohuwar rediyo, a ɗora su a kan akwatuna masu lasifika huɗu-huɗu. Kwalba tana ba da sauti mai ɗumi in ta yi zafi, amma tana fashewa, tana son lantarki tsayayye, ba ta son jijjiga. A bikin Agadas kuwa, a fili ake yi, ba bango ba rufi da za su dawo da sauti, wutar daga janareta take ko batirin mota, kayan kuma a bayan mota suka zo. Shi ya sa akwatunan da ba su da kwalba suka fi karɓuwa a wurin makaɗan Sahara, musamman na kamfanin Roland na Japan. Samfurinsa mai suna JC-120, wanda ya fito a 1975, mai wat 120 da lasifika biyu masu faɗin inci 12, ana yawan ganinsa a bayan makaɗan Abzinawa in sun hau dandamali a ƙasashen waje.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya sa kiɗan Agadas ya yi kama da rok ba tare da ya yi niyya ba. In makaɗi yana da ƙaramin akwati, ga taron ɗaruruwan mutane a fili, ga mai ganga yana duka iya ƙarfinsa, ba abin da zai yi sai ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Akwatin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa sai muryarsa ta tsage, ta yi gurnani. Injiniya zai ce wannan aibi ne. Samarin biki kuwa suka ce shi suke so. Haka abin ya faru a Amurka da Ingila tun shekarun 1950, har aka zo ana ƙera na'urori musamman don su tsaga sauti da gangan.

Waɗannan na'urori su ne 'yan akwatunan ƙarfe da ake jerawa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, makaɗi yana taka su da ƙafa. Na Hendrix sanannu ne: Fuzz Face mai tsaga sauti, wanda aka fara yi a Landan a 1966, da na kamfanin Vox mai sa jita ta yi kamar kukan jariri, da Octavia da injiniya Roger Mayer ya ƙera masa, da Uni-Vibe mai sa sauti ya yi ta juyawa. Na Mdou ba su da yawa in an gwada da na takwarorinsa na Turai. Akwai mai tsaga sauti, akwai mai sa shi ya yi ta kaɗawa kamar iska a cikin bututu, akwai mai maimaita abin da aka kaɗa kamar amsa-kuwwa. A cikin masu tsagawar an san shi da wani mai suna Acapulco Gold na kamfanin EarthQuaker Devices da ke Akron a jihar Ohio, wanda maɓalli ɗaya tak gare shi, babba, ba abin da yake yi sai ƙara ƙarfi. An ƙera shi ne don ya kwaikwayi amfilifayar da aka murɗa har ƙarshe. Watau dai mutumin ya je Amurka ya sayo, da dala, irin gurnanin da ƙaramin akwatin biki ke ba shi kyauta a gida.

Sauran kayan aikinsa mutane ne. Ahmoudou Madassane ke riƙe da jita ta biyu, yana maimaita zagaye guda ba gajiya don Mdou ya sami ƙasar takawa. Souleymane Ibrahim ke kan ganguna, shi ke ƙara wuta a hankali har waƙar da ta fara da tafiya ta ƙare da sukuwa, kamar yadda ake yi a biki in rawa ta yi zafi. Na huɗunsu Ba'amurke ne, Mikey Coltun, mai jitar gunji, wanda kuma shi ke kula da ɗaukar sautinsu. An yi Ilana a Detroit, wanda ya fito a 2019, sannan da su aka yi Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, biyun ƙarshe a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York. Kafin su akwai Afelan na 2013, da kuma fim ɗin da Kirkley ya shirya a Agadas ya fito a 2015, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, inda Mdou ya fito a matsayin makaɗin da ke fama da abokan hamayya a waje da uba mai ƙin kiɗa a gida. Waƙoƙinsa na baya-bayan nan ba na soyayya kaɗai ba ne. Yana magana a kan Faransa da yuraniyom ɗin Arlit, da halin da matan Sahara ke ciki, da tsoron kada harshen Tamashek ya ɓace a bakin yara.

Tambayar da ke damun mai wannan rubutu ita ce, me ya sa hakan bai faru da garaya ko gurmi ba? Abzinawa sun ɗauki hannun tahardant sun sa masa lantarki, sun kai shi ko'ina a duniya. Mu da muka fi su yawa nesa ba kusa ba, muka fi su kasuwa da ɗakunan ɗaukar sauti, har su ke zuwa wurinmu ɗauka, sai muka tsallake tsirkiya gaba ɗaya muka faɗa kan fiyano, inda yatsa ɗaya ke kiran kalangu da algaita da goge daga cikin na'ura. Akwai dalilai, ciki har da yadda al'adarmu ta ɗauki kiɗa sana'ar gado ta maroƙa, wadda ɗan wani gida ba ya shiga, alhali jitar Abzinawa a hannun samari marasa aikin yi da 'yan gudun hijira ta tashi a Aljeriya da Libiya, ba ruwanta da gado. Amma kunnen maganaɗisu bai san jita ba, bai san gurmi ba. Tsirkiyar ƙarfe kawai yake nema.

RANAR DA AKA CIRE WAYA

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. A lokacin Mdou da abokansa suna Amurka suna zagayen wasa. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a nan Abuja suka rufe iyakoki da Nijar, suka hana jirage zuwa, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu 2024. Makaɗan uku 'yan Nijar suka maƙale a ƙasar mutane na wani lokaci, iyalansu suna gida cikin duhu, har sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu.

A cikin wannan zaman jira ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a Brooklyn, suka ajiye Stratocaster da amfilifaya da 'yan akwatunan ƙafa, suka zauna da jitoci marasa lantarki da gangunan hannu, suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice, wanda suka riga suka gama ɗauka amma bai fito ba tukuna. Wannan ɗauka ta biyu ita ce ta fito a watan Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin su ne dai, kalmomin su ne, amma gurnanin ya tafi, saura katako da tsirkiya da yatsun hagu, kusan yadda aka ji shi a Sakkwato shekara 17 kafin nan, sai dai wannan karon ba Auto-Tune a kan muryar.